Yadda Maharban Amurka Ke Cigiyar Talotalon Daji

Talotalon nan da mu ke gani yana taƙama a gidajen masu hali, yana baza jela yana jan fukafukai a ƙasa, ba tsuntsun ƙasashenmu ba ne tun asali. Daga nahiyar Amurka ya fito. Mutanen Meziko ne suka fara kiwonsa tun Turawa ba su san da akwai wannan nahiya ba, sa'an nan mutanen Sifen suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can ya yi ta bazuwa har ya iso gare mu. To, amma danginsa da ba su taɓa shiga akurki ba suna nan har yau cikin dazuzzukan Amurka, kuma wanda ya san na gida, da sakarcinsa da nauyin jikinsa, da ƙyar zai yarda jininsu ɗaya. Na daji tsuntsu ne mai tsananin wayo da tsoro. A ƙasa mutum ba ya cim masa da gudu, in kuwa ya tashi sama, a ɗan gajeren zango, ya kan yi gudun mil 50 a sa'a. Babban namiji ya kan kai nauyin laba 20, wani ma har ya wuce.

Kowace shekara, idan sanyin ƙasar ya ja jiki, ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho, watau tsakanin Maris da Mayu, hukumomin jihohi su kan buɗe farautar wannan tsuntsu na 'yan makonni. A kudancin Filorida tun farkon Maris a ke farawa, domin can ɗumi ya kan riga zuwa. A jihar New York kuwa sai ran 1 ga Mayu, a rufe ran 31, kuma ko cikin waɗannan kwanaki ba a yarda a yi harbi ba sai daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa tsakar rana. A galibin jihohi mai gemu kaɗai a ke harbi a wannan lokaci, watau mai tukkun gashin nan da ke reto a ƙirji, wanda yawanci maza ne ke da shi, saboda matan suna shirin kwanci. Maganarmu ta yau a kan baƙon shiga ta ke, mutumin da ya yanki lasin karo na farko, ya shiga kanti ya tarar da bango guda cike da kayan busa iri iri, kowanne an rubuta a jikin kwalinsa cewa babu kamarsa. Wanne zai saya? Me kuma zai yi da kwanakin da suka rage kafin ranar buɗewa?

Kafin mu amsa, ya kamata mai karatu ya san dalilin wannan tsanani na doka. Sa'ad da Turawa suka sauka ƙasar sun tarar da talotalo ko'ina. Saran daji da harbi ba ƙaidi don kai wa kasuwa suka cinye shi, har ya zama wajen 1930 jihohi da yawa ba su da ko ɗaya. A 1937 majalisar ƙasar ta yi dokar da a ke kira ta Pittman da Robertson, wadda ta ce harajin da a ke karɓa kan bindiga da harsashi a riƙa kashe shi wajen raya namun daji. Da fari an gwada ƙyanƙyashe talotalo a gida a sake shi cikin daji, abin bai yi ba, domin wanda ya tashi a akurki bai san mugu ba, kafin a ce me dabbobi sun gama da shi. Sai a 1951, a gandun dajin Francis Marion na Karolina ta Kudu, wani ma'aikaci mai suna Herman Holbrook ya kama na daji da ransu da wata raga da a ke cilla ta da albarushi ta rufe garke. Daga nan aka dinga kama su a inda su ke, ana kai su inda suka ƙare. A 1973 aka kafa ƙungiyar National Wild Turkey Federation, ta sa hannu cikin aikin. A farkon shekarun 2000 an ƙiyasta yawansu ya kusa miliyan 7, ana samunsu a jihohi 49, Alaska ce kaɗai babu. Amma daga baya sun sake raguwa a wurare da dama, musamman kudu maso gabas, har jihar Jojiya a 2022 ta rage rabon maharbi daga 3 zuwa 2 a shekara. Saboda haka baƙon shiga ba zai tarar da daji cike ba. Sai ya nema, tsuntsun da ya firgita ya ɓace masa kuwa mai yiwuwa ne bai sake samun wani ba sai baɗi.

Garkuwar talotalon daji idonsa ne. Idanun a gefen kai su ke, da ɗan karkata wuya ya ga kewayensa duka, yana rarrabe launi, ko motsin yatsa ba ya kuɓuce masa. Kunnensa ma haka, in ya ji sauti sau ɗaya ya kan san daidai gindin itacen da ya fito. Hancinsa ne dai ba ya yi masa wani aiki, kuma da duhu ba ya gani sosai, shi ya sa magariba na yi ya ke tashi ya hau reshe ya kwana, ba ya sauka sai gari ya waye. Irin wannan tsuntsu ba a cika samunsa da sanɗa ba. Mu kan ce gani ya kori ji, amma a wannan farauta sai an ji kafin a gani. Abin da ke tona asirin namijin, wanda za mu riƙa kira toro, bakinsa ne. A watannin neman mata ya kan yi wani kuka mai ƙarfi, kamar ana tuttule ruwa daga gora, don ya sanar da mata inda ya ke, ya kuma ja kunnen sauran maza. In iska ta kwanta a kan ji shi daga kusan mil guda.

Ga kuma abin mamaki. A wannan lokaci jinin toro a kan akaifa ya ke, har ya kan zama duk wata ƙara da ta faɗo masa a kunne ba zato sai kukan ya kuɓuce masa ba da niyya ba. An yi tsawa, ya amsa. An buga ƙofar mota, ya amsa. Jirgin ƙasa ya yi jiniya can nesa, ya amsa. Duk yaron da ya taɓa tsayawa gaban talotalon gida ya yi masa fito don ya ji ya yi kuka ya san wannan hali, ko da ya ke bai san akwai masu cin moriyarsa ba. A kan wannan rauni ne maharba suka gina dabararsu.

Kayan busan da ke kanti kashi biyu ne, baƙon shiga kuwa ya kan ruɗa su. Akwai na kira, masu kwaikwayon muryar mace: ɗan akwatin katako da a ke goga murfinsa, irin wanda Henry Gibson na Arkansas ya yi wa rajista a 1897, da ɗan faifan dutse da a ke kartawa da tsinke, da tantanin roba da a ke mannawa a ganɗa. Akwai kuma waɗanda muka ga ya dace mu kira busar cigiya, masu kwaikwayon kukan wasu halittu dabam da ke zaune daji ɗaya da talotalo. Bambancinsu babba ne. Wanda ya yi muryar mace gayyata ya yi. Toro na iya tasowa, sau da yawa ma shiru ba ko tari, ya iske mutum tsaye a sarari bai shirya ba, ya gan shi, ya juya da darasin da ba zai manta ba har a rufe farauta. Wanda ya yi kukan mujiya kuwa tambaya ce kurum ya yi. Toro ya amsa ya ci gaba da sha'aninsa, bai san ɗan Adam ya ji ba. Don haka ne jihar Kentaki ta hana kwaikwayon muryar talotalo a wuraren farauta tun daga 1 ga Maris har ranar buɗewa, amma ta bar mutane su yi kukan mujiya ko na hankaka. Ko a inda doka ba ta hana ba, tsofaffin maharba su kan bar kayan kira a gida sai ranar ta zo.

A ganinmu, abu biyu sun ishi baƙon shiga, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba: mujiya da hankaka.

Mujiya ta asuba ce da magariba. A dazuzzukan gabashin Amurka akwai wata mujiya mai zane a ƙirji, wadda kukanta ya ke da gaɓa takwas ko tara, huɗu a jere, ta ɗan saurara, ta kawo sauran, ta ja ta ƙarshe ƙasa. Tun talotalo yana ɗan tsako ya ke jin wannan murya da duhu-duhu, saboda haka ba ta firgita shi, amma ta kan fizgo masa kuka yana bisa reshe. Abin busarta ɗan guntun katako ne ko roba mai rami, kamar sarewa gajeriya. Wani mai huji ne kawai, shi ya fi sauƙin koyo, amma muryarsa ba ta nisa. Wani yana da belu a ciki, a kan dafe bakinsa da tafin hannu a murɗa sautin, wannan ya fi ƙarfi, ya fi kuma kama da na gaske, sai dai yana son 'yan kwanaki ana gwaji. Akwai maharba da yawa da ba su sayen ko ɗaya, da bakinsu su ke yi. Kada baƙon shiga ya damu wai kukansa bai yi daidai da na mujiya ba. Toro ba alƙalin gasar waƙa ba ne, ƙarar ce ke taɓa shi.

Rana na fitowa mujiya ta gama aikinta, domin kukanta da hantsi baƙon abu ne. Sai a ɗauko hankaka. Shi kam ba sa'ar da ba a jin bakinsa daga safe har yamma, muryarsa kuma tsini gare ta, tana keta iska da ganye. A kan busa shi da ƙarfi, daga ciki, sau uku ko huɗu a tsattsinke, a yi shiru. Wani lokaci ma hankakin gaske su kan taso su kama hayaniya, su yi wa maharbi aikin a banza. Aibinsa ɗaya ne: inda hankaki suka yi yawa toro ya kan saba da su har ya daina kula. A irin wannan wuri ne sauran kayan ke da rana, kukan shaho, ko na tsuntsun nan mai ƙwanƙwasar itace da baki, ko na dinya, har ma da na dawisu, wanda ba ɗan dajin ba ne sam, baƙuntar tasa ce ke sa a amsa masa. A yammacin ƙasar, inda fili ya ke da faɗi, su kan yi haushin wata dabba mai kama da dila, koyoti, don yana kai nisa. Amma koyoti maƙiyin talotalo ne, saboda haka ba a yinsa kusa, ba a kuma yinsa sai tsuntsun na bisa itace. Wannan duk baƙon shiga ya bar shi sai baɗi.

Akwai guda da mu ke so mu yi kashedi a kansa, watau abin da a ke girgizawa ya yi kukan toro da kansa. Lalle ya kan sa wani toron ya amsa don kishi. Amma a dajin hukuma, inda kowa ke da ikon shiga, ba toro kaɗai ke saurare ba. Mutumin da ya ɓuya cikin ganye yana kukan abin da kowa ya fito nema ya mai da kansa abin farauta.

Busa kuwa tana da ladabi. Ta zama gajeriya, domin toro ya kan amsa tun ba a rufe baki ba, wanda ya ja kukansa da tsawo sai ya binne amsar da kansa, ya tafi yana cewa dajin ba kome. In mutum biyu ne, ɗaya ya matsa kamar yadi 20 ya kasa kunne, don mai busa kunnensa cike ya ke da ƙarar kansa. A tsaya a kan tudu, a bar numfashin hawa ya kwanta, a fara a hankali ko akwai wani kusa, kana a ƙara ƙarfi. In an sami amsa ɗaya, a mai da abin aljihu. Baƙon shiga daɗin amsar ya kan ɗebe shi ya yi ta maimaitawa, har tsuntsun ya gaji ya yi gum. Kuma kafin a busa kome, a ba daji dama ya farka da kansa, sau da yawa mujiyar gaske ko hankakan farko su ne za su yi tambayar.

Duk wannan kuwa ba shi da amfani a dajin da ba talotalo. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma nan ne mu ke ganin yawancin masu farawa ke yin sake: su ɓata makonni suna koyon busa a cikin mota, ba su taka dajin ba sai ranar buɗewa. Kewayen daji ya kan fara daga taswira, ta takarda ko irin ta wayar hannu kamar onX Hunt, wadda ke nuna iyakar ƙasar hukuma da ta masu gona. A nemi inda abu uku suka haɗu: manyan itatuwa masu shimfiɗaɗɗun rassa kusa da rafi don kwana, da sarari ko gona ko tsohuwar hanyar masu katako inda toro zai yi taƙama a gan shi, da wurin kiwo. In ƙasar ta wani ce sai an nemi izini, gara kuma a nema tun da sauran lokaci, a je da kai a yi sallama. Sai a lura, da sanyi talotalo garke garke su ke, maza dabam mata dabam, in ɗumi ya zo su watse, wasu su yi tafiyar mil da dama. Alamar da aka gani a Janairu ba lalle ta yi amfani a Afrilu ba. Makonni biyu ko uku na ƙarshe su ne na aiki.

Aikin kuwa yawancinsa tsayuwa ce. Mutum ya isa kan tudu ko bakin hanya tun da sauran duhu, ya tsaya shiru har rana ta fito, duk kukan da ya ji ya sa alama a taswira da sa'arsa. Safiya guda ba ta isa shaida, don toro ya kan yi ta kuka yau, gobe in an tashi da iska ko ruwa ya ƙi buɗe baki. Amma in an ji shi safiya uku a kwari ɗaya, to, nan ne makwancinsa. Abin da ya fi wannan ma shi ne a san inda ya kan nufa bayan ya sauka, domin gara a riga shi zuwa inda ya ke so, da a ce za a janyo shi inda ba ya so. Rafi, ko shingen waya, ko sarƙaƙiya, kowanne ya kan tsai da shi, ya yi ta kai da kawowa a can ƙetare yana jiran mace ta zo, gama a al'adarsu mace ce ke zuwa wurin namiji. Wanda ya san dajin ya san inda waɗannan su ke, ba zai zauna ya bar su tsakaninsa da tsuntsu ba.

Da tsakar rana, sa'ad da ba a tsoron tayar da su daga makwanci, sai a shiga a karanta ƙasa. Sawun toro a taɓo, daga dunduniya zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, ya kan wuce inci 4, na mace ya kan gaza haka. Kashin toro dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya, na mace kuwa a murɗe ya ke, dunƙule. Gashin ƙirjin toro bakinsa baƙi ne, na mace ruwan ƙasa. Inda suka yi tono cikin busasshen ganye suna neman 'ya'yan itace da ƙwari, ganyen ya kan taru a bayansu, da haka a ke sanin inda suka dosa, in ƙasar da aka tone da sauran laima kuwa, ba su daɗe da wucewa ba. A kan ga kuma 'yan ramuka cikin turɓaya inda suka yi birgima. Amma alamar da ta fi kowace daraja ita ce siraran layuka biyu a kan rairayi, ɗaya dama ɗaya hagu da sawu. Bakin fukafukai ne ya ja su, nan ne toro ke taƙama, kuma ya kan komo wurin kullum. Wasu su kan ɗaura kamara a jikin itace ta yi musu gadi, amma sai a duba dokar jiha, domin Arizona ta hana amfani da ita don farauta tun 2022. Zuba hatsi don jawo tsuntsu kuwa laifi ne a galibin jihohi.

Ran jajibere, da la'asar sakaliya, maharbi ya koma kusa da makwancin ya zauna nesa kaɗan. In ya yi sa'a zai ji fuffukar manyan fukafukai suna hawa reshe. Duhu ya fara shiga ya yi kukan mujiya sau ɗaya, in an amsa, ya lura da itacen, ya janye a hankali. Da asuba ya komo ba fitila, ya zauna kamar yadi 100 zuwa 150 daga itacen, ta wajen da ya san tsuntsun ya kan sauka, ya jingina da kututturen da ya fi kafaɗunsa faɗi, don ya tsare masa baya. Kada a ga ja, ko fari, ko shuɗi a jikinsa, ko da bakin safa ne ko hankici, gama su ne launin kan toro. Kada ya bi kuka da sanɗa, don mai yiwuwa ne wani maharbi ne ke yi. In ya hangi mutum na tahowa, ya ɗaga murya ya yi magana, kada ya ɗaga hannu. Ba ya kuma harbi sai ya ga gemu da idonsa, a tazarar da ba ta wuce yadi 40 ba.

Sau da yawa duk da wannan shiri toro ya kan sauka cikin matansa ya bi su, ya yi shiru, baƙon shiga ya naɗe kayansa da ƙarfe takwas ya koma gida. Da ya san halin tsuntsun da bai tashi ba. Wajen ƙarfe tara ko goma matan su kan zame ɗaya ɗaya su tafi sheƙa su yi ƙwai, su bar toro shi kaɗai, ya koma sararin nan mai layuka biyu a rairayi yana neman wata. Sa'an nan ne maharbi zai bi kan tudu a hankali, kowane yadi 200 ko 300 ya tsaya kusa da itacen da zai iya zama a gindinsa nan take, ya busa hankaka, ya saurara. A jiha irin New York yana da sauran sa'a biyu ko uku kafin rana ta take tsaka.